Ciwo a Baƙon Gari: Darasi Daga Tarihin Bishara a Anacha, Fatakwal da Inugu

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu mazauna unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu: masu sayar da shanu da albasa da doya, masu gadi, masu tura baro, direbobi, sojoji da 'yan sanda a bariki, da iyayenmu mata da ke riƙe da gidaje. Allah ya kiyaye ku, ya sa albarka a neman da kuke yi.

Cikin tambayoyin da sukan zo mana daga wannan sashin ƙasa, akwai ɗaya da ba ta ƙarewa. Mutum ya baro gida don neman abinci, sai ciwo ya kwantar da shi a ɗakin haya, ɗan abin da ya tara don aikawa gida ya ƙare a kemis. Wannan ya ce masa sammu aka yi masa. Wancan mai wa'azi ya ce akwai zunubin da ya ɓoye, ko kuwa bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ya kawo baiko mai tsoka a yi masa addu'a. Daga nan sai ya rubuto mana: in Allah yana ƙaunata, don me nake kwance? Ko ciwon nan shaida ce cewa ba ni da tsarki?

Amsar tana cikin Littafi Mai Tsarki, kuma can za mu ƙare. Amma yau za mu bi ta hanyar tarihi tukuna, domin ƙasar nan da kuke zaune a cikinta ta ga bayin Allah suna kokawa da tambayar nan fiye da shekara 160. Waɗansu sun amsa daidai, waɗansu sun yi kuskure, dukansu kuwa suna da abin da za su koya mana.

Zazzaɓi a kan kogi

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau Kogin Kwara, don a ƙulla alkawari da sarakuna a daina cinikin bayi. A cikinsu akwai masu bishara biyu na ƙungiyar mishan ta CMS: wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, da wani Bayarabe da aka 'yanto daga bauta, Samuel Ajayi Crowther. An tashi da addu'a da kyakkyawan zato. Ba a yi makonni da yawa ba zazzaɓi ya faɗa musu. Cikin Turawa wajen 150, fiye da 40 suka mutu, jiragen suka juya ba a cim ma abin da aka fito nema ba. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo zazzaɓin, sai a 1897 aka tabbatar da haka.

A 1854 aka sāke gwadawa da jirgi ɗaya, a ƙarƙashin wani likita, William Balfour Baikie. Crowther yana ciki a wannan karon ma. Baikie ya sa mutanensa su riƙa shan kwinin kowace rana. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai, suka yi wajen wata huɗu a ruwa, suka komo ba wanda ya mutu.

To, mu tambayi kanmu. Mutanen 1841 sun fi na 1854 zunubi ne? Ko addu'arsu ce ta gaza? Ko kaɗan. Abin da ya raba su shi ne maganin da ake samu daga ɓawon wani itace da Allah ya halitta a Kudancin Amurka. Allahn da ke jin addu'a shi ne ya yi itacen, shi ne kuma ya ba ɗan adam hankalin gane amfaninsa.

Wannan ya buɗe hanya. A watan Yuli na 1857 Crowther ya sauka a Anacha tare da Fasto John Christopher Taylor, wanda iyayensa Ibo ne da aka 'yanto a Saliyo. Sarkin garin, Obi Akazua, ya karɓe su ya ba su wuri. Daga nan bishara ta kafu a ƙasar Ibo.

Shi kuwa Schön, rashin lafiya ya tilasta masa barin Afirka a 1847. Wani zai ce aikinsa ya ƙare ke nan. Amma tun tafiyar 1841 ya sa hankalinsa ga harshen Hausa, sai ya zauna a Ingila yana aiki a kansa har tsufansa. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Heinrich Barth ya kai Turai a 1855, ya taimake shi ƙwarai. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari duka. Ashe Maganar Allah ta fara shiga harshenmu ta hannun mutumin da ciwo ya raba da filin aikinsa.

Anacha, 1890

An naɗa Crowther bishop a 1864, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe wannan matsayi a ikilisiyar Anglikan. Ya yi shekaru yana hawa da sauka a kogi, ma'aikatansa kaɗan ne, wuraren kuma da nisa. Gaskiya ce ba duka ke tafiya daidai ba. Akwai masu shan barasa, akwai waɗanda ciniki ya ɗauke musu hankali. Har a 1877 waɗansu mutum biyu masu alaƙa da mishan a Anacha suka yi wa wata yarinya dūkan da ya zama ajalinta, daga baya aka hukunta su a Saliyo. Ikilisiya tana bukatar gyara, ba shakka.

A 1890 waɗansu samari Turawa suka iso Lakwaja, manyansu Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Nufinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka sa riga da rawani, suka duƙufa ga koyon Hausa, suka ce ba sa neman kariyar gwamnatin Ingila, abin da ya sami wanda ya tuba ya same su. Sun taso cikin koyarwar tsarkin rai da ake yi a taron Keswick na Ingila, kuma da gaske suke yi. Ba wanda zai ce munafukai ne.

Amma da suka dubi ikilisiyoyin da Crowther ya yi shekara 30 yana shukawa, ba su ga kome ba sai aibu. A Lakwaja suka hana mutane da yawa cin Jibin Ubangiji. A watan Agusta na 1890 aka yi taron kwamitin mishan a Anacha, Bishop Crowther yana shugabanta, dattijo mai shekara wajen 80. A gabansa samarin nan da abokansu suka dakatar da fastoci baƙar fata, har da ɗansa Dandeson Crowther, suka ɗora wa tsohon laifin sakaci. Ya ga ba a jin maganarsa, ya ajiye kujerar kwamitin. A 1891 ɓarin jikinsa ya shanye, ran 31 ga Disamba na shekarar ya rasu a Legas. Ikilisiyoyin bakin teku suka ja jikinsu, suka tsaya da ƙafarsu a 1892 a ƙarƙashin Dandeson.

Robinson ya riga Crowther rasuwa, ciwo ya ɗauke shi a Lakwaja a 1891. Brooke ya bi bayansa a watan Maris na 1892, zazzaɓi ya kashe shi bai kai shekara 30 ba. Ba ɗayansu da ya taka Kano.

A nan sai mu yi hankali. Kada wani ya ce, "Ga shi nan, Allah ya rama wa Crowther." In muka faɗi haka mun faɗa cikin kuskuren da muke ƙoƙarin gyarawa. Wanda aka ƙuntata ya yi ciwo ya mutu, waɗanda suka ƙuntata masa sun yi ciwo sun mutu, duka cikin shekara guda. Ciwo bai nuna mana mai gaskiya a cikinsu ba. Allah kuma bai yar da hadayar samarin nan ba. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ƙanensa Charles Henry Robinson ya zo Kano a 1894, ya rubuta ƙamus na Hausa. Likitan da ya zo tare da su, Harford-Battersby, ya koma Landan ya buɗe makarantar koya wa masu bishara aikin magani a 1893. Bayansu wani likita, Walter Miller, ya zauna a Zariya, shi ne kuma jigon fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Abin da taron Anacha ya koya mana game da tsarki ne. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Manzo Bulus ya gargaɗe mu a 1 Korantiyawa sura 13 cewa mutum yana iya ba da har ransa, in ba ƙauna, bai ci ribar kome ba. Tsarkin da ya iya ƙirga zunuban ɗan'uwa, bai iya girmama furfura ba, da sauransa.

Daga baya mishan ɗin ya nuna wata fuska. Aikin jiyya da aka fara a Anacha aka mai da shi Iyi-Enu, kusa da garin, a 1907, ya zama asibitin da ya yi suna a dukan yankin.

Layin dogo da annoba

Yaya aka yi Hausawa suka cika garuruwan nan? Tun ƙarni na 19 fatake Hausawa da Nufawa sukan sauko Anacha ta kogi, maharban giwa kuma sun zauna a Elele, arewa da inda Fatakwal take yanzu. A 1909 aka gano kwal a tuddan Inugu. Aka gina Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Aka ci gaba da layin har ya haɗu da Kaduna, aka gama gadar Makurɗi a 1932. Jirgin ƙasa ya riƙa sauko da shanu da wake da albasa, zango ya kafu a kowace babbar tasha. Zaman ya yi daɗi har wani Bafulatani mai cinikin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suka watsa zaman, bayan yaƙi aka sāke komowa. Cikin masu komowa akwai masu bi daga Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa da Borno, shi ya sa ake jin waƙoƙin sujada da Hausa a garuruwan nan ran Lahadi.

Hanyar da ke kawo kaya ita ke kawo cuta. A watan Satumba na 1918 annobar mura, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta shigo ta Legas. Ta bi kogi da layin dogo, a watan Oktoba ta kai Anacha. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. Ba ta tambayi addinin kowa ba.

A shekarun nan ne sunan Garrick Braide ya cika yankin Fatakwal. Mutumin Bakana ne, ɗan ikilisiyar Anglikan. Yakan yi wa marasa lafiya addu'a, yana kiran mutane su furta zunubansu, su ƙone layu da gumaka, su bar giya. Dubbai suka bi shi, cinikin barasa ya faɗi, kuɗin shiga na gwamnati ya ragu. Mabiyansa suka fara kiransa Iliya na biyu, shugabannin ikilisiya suka juya masa baya, gwamnatin Turawa ta ɗaure shi a 1916. Ya fito, ya rasu a watan Nuwamba na 1918, a daidai lokacin da annobar ke ƙasar. Kiransa ga tuba yana da kyau, kuma mun gaskata Allah yana warkarwa ta wurin addu'a. Amma shi ma da ya yi wa dubbai addu'a, ranarsa ta zo. Haka annabi Elisha, wanda Na'aman ya warke ta wurinsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13:14).

Bayan annobar sai wata koyarwa ta bazu ta wurin ƙasidun da ƙungiyar Faith Tabernacle ke aikowa daga Amurka, wai mai bi na gaske ba ya shan magani kowane iri. Jikokin koyarwar nan suna nan har yau, ku ma kun ji su a tashar mota.

Yaron da ya ƙi barin kutare

A 1905 aka haifi Ikoli Harcourt Whyte a Abonnema, ƙasar Kalabari. A 1919, yana ɗan shekara 14, aka gane yana da kuturta, aka kai shi babban asibitin Fatakwal. Mun san yadda ake ɗaukar ciwon nan. A ƙasarmu akan ce sakamakon rantsuwa kan ƙarya ne, a kudu akan ce la'ana ce. Ba mai cin abinci da kai, ba mai ba ka 'yarsa. Da hukuma ta so ta kori masu kuturta daga asibitin, Whyte yana cikin waɗanda suka tsaya suka ce sai an ba su wurin zama. A 1932 aka buɗe mazauni a Uzuakoli, kan layin dogo tsakanin Fatakwal da Inugu, a hannun mishan na Metodis, aka mai da su can.

A Uzuakoli ya sadu da wani likita kuma fasto, Frank Davey, mai son waƙa. Davey ya ƙarfafa shi ya riƙa tsara waƙoƙin yabon Allah da harshen Ibo bisa muryar mutanen ƙasar. Whyte ya tsara fiye da 200, ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta masu kuturta. Mutanen da ake gudu suka zama waɗanda ake taruwa a saurara. A 1949 likitoci suka tabbatar ya warke, bayan shekara 30 da ciwon. Ƙofa ta buɗe ya tafi inda ya ga dama, amma ya zaɓi ya zauna tare da waɗanda ba su warke ba tukuna. Ya rasu a haɗarin mota a 1977. Har yau ana rera waƙoƙinsa a majami'un ƙasar Ibo.

A wannan wurin ne kuma Allah ya ba da magani. Wajen 1949 likita John Lowe ya nuna ana iya ba masu kuturta ƙwayar dapsone su sha kaɗan kaɗan su warke. A farkon shekarun 1960 likita Stanley Browne ya gwada clofazimine a nan. Cikin magunguna uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa tun 1981, biyu a Uzuakoli aka tabbatar da amfaninsu, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, cikin wata 6 zuwa 12 akan gama shan magani, wanda ya zo da wuri kuwa ba ya rasa yatsa.

Irin wannan aiki CMS ta fara a Oji River kusa da Inugu a 1936, ba nisa da kasuwar shanu ta Ugwuoba. A Arewa mishan na SIM ya karɓi mazaunan Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato a 1937. Yawancin waɗanda aka wanke wa gyambo a can Musulmi ne, ba a kuma tambayi addininsu kafin a taɓa su ba. Ai haka Ubangiji ya yi, ya miƙa hannu ya taɓa kuturu a lokacin da kowa ke ja da baya (Markus 1:40-42).

Me za mu riƙe?

Na fari, ciwo ba ma'aunin ƙaunar Allah ba ne. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka nemi sanin mai laifin, Yesu ya kawar da laifin daga kansa da iyayensa (Yahaya 9:1-3). Li'azaru abokin Yesu ne, ya yi ciwo har ya mutu. Bulus ya roƙa sau uku a kawar masa da ƙayar jikinsa, aka ba shi alherin jimrewa (2 Korantiyawa 12:7-10). Abokan Ayuba da suka nace sai ya amsa laifin da bai yi ba, su Allah ya tsauta wa (Ayuba 42:7). Shaidar ƙaunar Allah tana kan gicciye, kuma Romawa sura 8 ta tabbatar mana ba wahalar da za ta raba mu da ita.

Na biyu, gaskiya ne akwai ciwon da mutum ke jawo wa kansa. Wanda ya bar matarsa a gida ya bi matan banza a bariki, ko ya mai da burkutu da ƙwaya abokan aikinsa, zai girbi abin da ya shuka, ya kuma kai wa iyalinsa. In lamirinka ya nuna maka zunubi, ka tuba yau, akwai gafara. Amma bincika kai aikin mai ciwon ne a gaban Allah. Mai zuwa dubiya ba alƙali ba ne.

Na uku, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Yakubu 5:14 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a, ku kira su. Ishaya kuwa ya sa a ɗaura wa sarki Hezekiya curin ɓaure a maruru, Luka marubucin bishara ma likita ne. Tarin da ya wuce mako biyu, ko tabon da ba ya jin taɓawa, a kai shi asibiti. Kada kowa ya karɓi kuɗinku da sunan sayar da warkarwa.

Na huɗu, zaman tsarki yana da hannu da ƙafa. Yakubu 1:27 ta haɗa abu biyu wuri ɗaya, kula da masu shan wahala da tsare kai daga ƙazantar duniya. Samarin 1890 sun riƙe na biyun da ƙarfi. Harcourt Whyte ya riƙe duka biyu. Zumunta a ƙafa take. A layinku akwai wanda kwana uku ba a gan shi a bakin kasuwa ba. Ko Kirista ne, ko Musulmi, ko maƙwabci Ibo, ku ƙwanƙwasa ƙofarsa, ku ce masa sannu da jiki, ku kai masa kunu, ku raka shi asibiti, ku sanar da mutanensa a gida. Ubangiji ya ce abin da aka yi wa irin wannan, shi aka yi wa (Matiyu 25:36-40).

Ɗan'uwa da ke kwance, ko 'yar'uwa, ba mu yi maka alkawarin za ka tashi gobe ba. Whyte ya jira shekara 30, Brooke bai tashi ba. Abin da muka tabbata shi ne Mai Ceto ya san ɗakin da kake, kuma ranar tana zuwa da ba sauran ciwo ko kuka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi bayinka da ke kwance nesa da gida. Ka taɓa jikinsu, ka sa albarka a maganin da suke sha, ka ba likitoci hikima. Ka tsarkake zukatanmu, ka cika su da ƙauna, ka aike mu wurin maƙwabcinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.